Ɗan Lambu a Tsakar Gida

Karatu: Farawa 2:8-15, Ishaya 28:23-29
Ayar haddacewa: Ishaya 58:11



Kafin a kafa gari, kafin a ci kasuwa, kafin a gina haikali, Allah ya dasa lambu. Wurin zama na fari da ya shirya wa mutum ke nan. Da ya sa Adamu a ciki, bai ce masa ya miƙe ƙafa ya jira 'ya'yan itace su faɗo ba. Ya ba shi aiki biyu: noma da tsaro. Ka lura, wannan ya faru tun zunubi bai shigo duniya ba. Abin da faɗuwar mutum ta kawo a sura ta 3 shi ne ƙaya da sarƙaƙiya da zufa. Aikin kansa kyauta ce daga hannun Uba.

A harshen Ibrananci, kalmomin nan biyu su ne "abad" da "shamar". Su ne kuma aka yi amfani da su a Littafin Ƙidaya 3:7-8 a kan hidimar Lawiyawa a alfarwa ta sujada. Ashe a gaban Allah, mai riƙe da fartanya cikin biyayya da mai hidima a wuri mai tsarki aikinsu na da suna ɗaya.

Saboda haka a wannan mako ina kiranka ga abu mai sauƙi: ka fara ɗan lambun ganyen miya da na ƙamshi a gidanka. Yayin da hannunka yake cikin ƙasa, ka bar Ruhu Mai Tsarki ya yi maka magana a kan lambun zuciyarka.

KADA KA JIRA SAI KA SAMI FILI

Na san abin da wani zai ce: "Mai bishara, ni a gidan haya nake, ɗaki ɗaya ne da ni." Wata kuma za ta ce, "Mun baro garinmu da gonarmu ba da son ranmu ba, nan zaman wucin gadi muke yi." Ka buɗe Irmiya 29:5. Mutanen Yahuza suna zaman bauta a Babila, zuciyarsu tana Urushalima, annabawan ƙarya suna yi musu alkawarin komawa gida nan ba da daɗewa ba. Saƙon da Allah ya aika musu ta hannun Irmiya shi ne su yi gini, su dasa lambuna, su ci amfaninsu. Shekara 70 ce a gabansu, Allah kuwa bai so su ƙare ta suna tagumi ba.

Mutumin da ya shuka iri a ƙasar baƙunci yana shaida cewa Allahnsa bai yashe shi ba, kuma gobe tana nan tafe.

Ga kuma zancen aljihu. Ka lissafa abin da gidanka yake kashewa a wata guda wajen sayen alayyafo, lawashi, ɗaɗɗoya da zogale. Kuɗin kaɗan-kaɗan ne, amma kullum ne. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Karin Magana 15:17 ta koya mana cewa tuwo da miyar ganye a gidan da ake ƙaunar juna ya fi naman kiwataccen sa a gidan da ake gaba. Rigingimu nawa ne tsakanin miji da mata suke farawa daga kuɗin cefane? Buhu biyar na ganye a gindin katanga ba za su biya kuɗin makaranta ba, amma za su rage wani abu daga nauyin yau da gobe.

Ba ka bukatar fili. Tsohon bokiti, fasasshiyar tukunya, buhun shinkafa da ya ƙare, jarka da aka yanke, duk sun isa. Ka nemi inda rana take samu kamar awa 5 zuwa 6, musamman hantsi, inda kuma inuwa take rufewa idan rana ta take a lokacin bazara. Zakariya 4:10 ya gargaɗe mu kada mu raina ranar ƙananan abubuwa. Ka fara da uku.

ƘASA TUKUNA

Mai gaggawa yakan fara da iri. Mai hikima yakan fara da ƙasa.

Ka huda gindin bokitin ko buhun wuri huɗu ko biyar domin ruwa ya riƙa fita. Saiwa tana numfashi. In ruwa ya kwanta mata, sai ta ruɓe, ganyen ya yi rawaya, kai kuwa kana tsammani ƙishi ne, kana ƙara ruwa. Sai ka haɗa kashi biyu na ƙasa mai kyau, kashi ɗaya na yashi, da kashi ɗaya na taki. Laka zalla tana riƙe ruwa ta ƙame kamar dutse. Yashi zalla kuma ba ya riƙe komai.

Ga abin da ya kamata ka kiyaye ƙwarai: takin ya zama wanda ya ruɓe sarai, ya huce, ya yi baƙi, warinsa ya tafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone tsiro. Wanda aka tara aka bari ya yi watanni ya ruɓe, shi ne abincin shuka. Abu ɗaya ne, amma ɗanye yana kashewa, ruɓaɓɓe yana rayarwa.

Ɗan'uwa, haka abubuwan da suka same ka suke. Cin amana, rashi, ƙazafi, korar da aka yi maka daga aiki. In ka riƙe su ɗanyu, za su ƙone duk abin da Allah ya shuka a cikinka. Wa'azi zai shiga, ba zai yi saiwa ba. Amma in ka kai su gindin gicciye, ka gafarta, ka bar su a hannun Ubangiji, su ne za su zama takin hidimarka. Yusufu ya ga haka a Farawa 50:20. Muguntar da 'yan'uwansa suka ƙulla masa, Allah ya juya ta ta zama hanyar ceton rayuka masu yawa. A misalin mai shuka cikin Markus 4, irin ɗaya ne a wurare huɗu. Ƙasa ce ta bambanta. Yaya ƙasar zuciyarka take yau?

KOWANE IRI DA HANYARSA

Karatunmu na Ishaya 28 yana da daɗi ƙwarai. Annabin ya nuna manomi wanda ya san ba a yin huɗa har abada, ya san inda zai yafa ƙananan irin ƙamshi da inda zai jera alkama da sha'ir. Ya san kuma ba a sussukar ƙananan irin nan da keken sussuka mai nauyi, sai da 'yar sanda. Masana da yawa sun ce ɗaya daga cikin irin da aka ambata a nan shi ne wanda muka sani da habbatus-sauda. Annabin ya ce Allah ne da kansa ya koya wa manomin wannan sani.

To, ga hanyar kaɗan daga cikin namu.

Ɗaɗɗoya: irinta ƙanana ne ƙwarai. Ka yafa a sama, ka barbaɗa ƙasa kaɗan. In ka binne da zurfi ba za ta fito ba. Tana kuma kamawa in ka yanki reshe ka dasa.

Na'a-na'a: ka sami reshe mai lafiya, ka cire ganyen ƙasa, ka sa a kofin ruwa. Cikin mako ɗaya ko biyu za ka ga fararen saiwoyi, sai ka dasa. Tana son danshi da 'yar inuwa.

Shuwaka: ka yanki reshen da ya ƙosa, tsawonsa kamar kamu ɗaya, ka kafa a ƙasa mai laima. Ba ta da wuyar sha'ani.

Zogale: ana shuka ƙwayarsa, ana kuma dasa reshensa. Yana jure fari, amma ba ya son ruwa ya kwanta masa. Saiwarsa tana nutsawa, don haka a ƙasa ya fi jin daɗi, ko a babban buhu.

Lansir: ya fi kowa sauri. Cikin 'yan kwanaki ya tsiro, cikin mako biyu zuwa uku ka fara yanka. Lokacin sanyi ya fi so.

Lawashi: gindin albasar da uwargida take zubarwa, in an sa shi a ƙasa, zai fid da ganye.

Citta: ka binne guntu mai ido. 'Yan'uwanmu na wajen Kachia da Kwoi da Kafanchan, inda ake nomanta sosai, za su gaya maka tana cin wata 8 zuwa 10 kafin a tone ta.

Ka ga lansir mako uku, citta kusan shekara. In ka tone citta a mako na uku domin ka ga lansir ya isa yanka, ka yi hasara, laifin kuwa ba na citta ba ne. Iyaye, ku ji wannan. Kada ku gwada yaronku da ɗan maƙwabci. Shugabanni a cikin ikilisiya, kada ku sussuke sabon tuba da keken da ake sussukar wanda ya shekara 20 cikin bangaskiya. Kai kuma da kake ganin sa'o'inka sun yi aure, sun yi gini, kai shiru, wataƙila kai citta ne. Aikin da ake yi a cikinka yana ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya gani. Wanda ya shuka ka ya san watan tononka. Haleluya!

RUWAN KULLUM

Shukar da take cikin buhu ba ta da inda za ta miƙa saiwa ta nemo ruwa. Abin da ka ba ta shi ne nata. Ka yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, a gindi, a hankali. Kafin ka zuba, ka tura yatsa cikin ƙasa. In da danshi, ka dakata. In ta bushe, ka ba ta har ruwa ya ɗigo ta ƙasa. A hunturu iska tana busar da ƙasa da sauri, a bazara kuma wataƙila sai safe da yamma. Ka rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa domin laima ta daɗe. Inda ruwa yake wuya, ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi ya isa. Ruwan wanki mai sabulu da na gishiri kuwa, kada ka kai su wurin.

Ba wanda yake tuttula wa ɗaɗɗoya ganga guda ranar Lahadi ya ce ya sallame ta sai wani mako. Amma haka da yawa muke yi wa ranmu. Muna cika da wuta a taron farkawa, mu kwana muna addu'a daren Jumma'a, sa'an nan Littafi Mai Tsarki ya rufe har kwana shida. Taron farkawa ruwan sama ne, muna gode wa Allah dominsa. Amma shukar gida da ruwan kullum take rayuwa. Manna ma kowace safiya ake tattara ta. Minti goma sha biyar a gaban Ubangiji kowace safiya, da Maganarsa a buɗe, za su yi maka abin da kwana guda na kururuwa ba zai yi ba in babu su. Ayar haddacewarmu ta yi alkawari cewa Ubangiji zai mai da kai kamar lambun da ba ya rasa ruwa. Ka riƙe alkawarin, ka kuma zo bakin rijiyar.

TSARO

Rabin aikin Adamu tsaro ne, a nan kuma aka sami kafa, maciji ya shiga.

Akuya ɗaya tana iya cinye wahalar wata biyu kafin ka dawo daga sujada. Kaji suna tone iri. Ka yi shinge da kara ko ƙaya ko tsohon gidan sauro, ko ka ɗora tukwanen a kan benci. Ka riƙa duba bayan ganye, gama a can ƙwari suke ɓuya. Tsutsa ka cire ta da hannu. Ga ƙananan ƙwari, ka daka ganyen dogon yaro, ka jiƙa ya kwana, ka tace, ka yayyafa da yamma. Toka kaɗan ma tana taimako. Amma maganin feshi na gona, kada ka kusantar da shi ga ganyen da yaranka za su ci gobe. Kada kuma ka bar ruwa ya taru a gwangwani ko faranti, domin nan sauro yake haihuwa.

Ciyawa kuwa, ka cire ta tun tana ƙarama. A Karin Magana 24:30-34 mai hikima ya wuce gonar rago, ya tarar ƙaya ta rufe ta, katanga ta zube. Mai gonar bai yi wani babban laifi ba. Ɗan barci ne, ɗan gyangyaɗi, ɗan naɗe hannu. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ba a wayi gari aure ya mutu ba. Ana farawa da 'yar hira a waya da wadda ba matarka ba, da ɗan fushi da aka kwana da shi, da 'yar ƙarya a kan kuɗi. Waƙar Waƙoƙi 2:15 ta kira su ƙananan dila masu ɓata gonar inabi.

Ga wani darasi daga na'a-na'a. Ganye ne mai kyau, amma in ka dasa ta wuri ɗaya da sauran, za ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ta mamaye ko'ina. Sai a ba ta tukunyarta ita kaɗai. Akwai abubuwan da ba zunubi ba ne, sana'a, waya, ƙwallo, abokai, amma in ba ka yi musu iyaka ba za su cinye wurin addu'a da na iyali. Ka sa kowanne a tukunyarsa.

HANNUN MAI TSINKA

In ka bar ɗaɗɗoya ta yi ta tsawo, za ta yi fure, ta yi iri, ganyenta ya ragu. In ta kai kamar taƙi ɗaya, ka tsinke kanta daga saman inda ganye biyu suka fito. Wurin zai fid da rassa biyu. Zogale ma in ya kai ƙugu ka sare kansa, sai ya yi rassa inda hannu zai kai. Amma kada ka ɗebe fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen a lokaci guda, domin shukar ta sami abin farfaɗowa.

A Yahaya 15 Yesu ya bayyana cewa reshen da yake ba da 'ya'ya shi ne Uba yake gyarawa domin ya ƙara bayarwa. Ba kowace ƙofa da ta rufe ce aikin maƙiyi ba. Wani abin da kake ɗaurewa kana korarsa cikin addu'a, hannun Uba ne yake tsinka. Ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya ba ka ganewa. Akuya tana ci ne ta hallaka. Mai lambu yana tsinka da ma'auni, ba ya kuwa wuce abin da za ka iya ɗauka.

GANYE DA MAGANI

A wurin yawon bishara an sha tambayata ko ya dace mai bi ya sha ganye don magani. Amsar ita ce, Allah ne ya halicci ganye, ya kuma ce yana da kyau. A 2 Sarakuna 20:7 annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun sarki Hezekiya, Ubangiji kuwa ya warkar da shi. Shayin na'a-na'a ko na citta, da miyar shuwaka, abin godiya ne. Abin da Maganar Allah ta hana shi ne zuwa wurin boka, da ganyen da aka yi wa tsafi ko surkulle, da wanda aka ce sai an tsinka da tsakar dare ana kiran wani suna. Wannan ka guje shi, ko da wa ya kawo maka.

Sai dai ka yi hankali. A 2 Sarakuna 4:38-41 wani daga cikin almajiran annabawa ya tsinko abin da bai sani ba daga jeji ya zuba a tukunya, saura kaɗan a yi gawa. Kada ka ci ko ka ba yaro ganyen da ba ka sani ba. Zazzaɓi ya kama yaro, ka yi addu'a, ka kai shi asibiti a gwada jininsa. Mai hawan jini ko ciwon sukari, kada ka ajiye maganin likita domin ka shuka zogale. Mai juna biyu, ki tambayi ma'aikatan lafiya kafin ki sha kowane jiƙo. Luka, wanda ya rubuta mana Bishara, likita ne. Bangaskiya ba ta gaba da hankali.

GIRBI DA RABO

In ganye ya yi yawa, ka shanya a inuwa inda iska take bi, domin rana tana cinye launi da ƙamshi. Ka bar shuka ɗaya ta yi iri saboda baɗi. Sa'an nan ka tuna da gwauruwa da maƙwabci, ko na wane addini ne. Damin ɗaɗɗoya da aka miƙa ta kan katanga da fara'a ya sha buɗe ƙofar da wa'azi bai buɗe ba.

A Matiyu 23:23 Yesu ya tsauta wa Farisiyawa. Suna fid da zakka har ta na'a-na'a, amma sun bar adalci da jinƙai da aminci. Bai ce su daina bayarwa ba. Ya ce a yi wannan, kada a bar wancan. Mai ƙirga ganye domin Allah alhali yana danne hakkin ɗan aikinsa, lambunsa kore ne, zuciyarsa kuwa kango.

Ƙaunatacce, a lambu mutum ya faɗi. A lambu kuma Yesu ya durƙusa ya miƙa kansa ga nufin Uba a daren da aka bashe shi. Yahaya 19:41 ya ce kabarin da aka sa shi a cikin lambu yake, da safiyar tashinsa kuwa Maryamu Magadaliya ta zaci mai lambun ne. Shi ne mai iya karɓar zuciyar da ƙaya ta rufe ya mai da ita gona. In ba ka taɓa ba shi ranka ba, ko ka ja da baya, kada ka bar yau ta wuce. Ka tuba, ka kira sunansa, ka nemi fastonka ku yi addu'a tare.

ABUBUWAN ADDU'A

1. Uba, na gode domin ƙasa da ruwa da iri, da ƙarfin yin aiki.
2. Ya Ubangiji, duk ɗacin da na riƙe ɗanye a zuciyata, na kawo shi gindin gicciye. Na gafarta, cikin sunan Yesu.
3. Ruhu Mai Tsarki, ka nuna mini kafar da maƙiyi yake bi ya shiga gidana, ka ba ni ƙarfin toshe ta.
4. Kowace ciyawa da Ubana bai shuka ba a rayuwata da ta 'ya'yana, a tumɓuke ta cikin sunan Yesu.
5. Ya Allah, ka tuna da waɗanda aka raba da gonakinsu. Ka ciyar da su, ka komo da salama a ƙasarmu.

FURCI

Ni shukar Ubangiji ce. Ba zan bushe ba. Zan ba da amfani a lokacina, gidana kuma ba zai rasa abinci ba, cikin sunan Yesu. Amin.

AIKIN WANNAN MAKO

Ka nemi mazubi uku, ka shirya ƙasa, ka shuka abu uku tare da iyalinka. Ka ba kowane yaro tukunyar da zai kula da ita. Kowace safiya, bayan ban ruwa, ku karanta aya ɗaya ku yi addu'a tare.